Kawu Yaga-Yaga Bai Yarda da Kowa Ba

Duk wanda ya taɓa yi wa Kawu Lawandi sallama da takarda a hannu ya san abin da zan faɗa. Ba ya amsa gaisuwa sai ya karɓe ta tukuna. Kana durƙushe kana ta ina kwana, shi kuwa ya zare takardar daga hannunka, ya ɗaga ta saitin rana, ya sunsuna, sannan ya kai ta bakin kunne ya ɗan yagi gefenta a hankali yana sauraro. In ƙarar ta yi masa, to ka yi bankwana da ita, ta shige aljihun 'yar shararsa ke nan. Sai a sannan zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Lafiya lau. Wa ya aiko ka?"

Bai taɓa yarda mutum zai zo gaishe shi haka kawai ba. Ko ni Bilki, ɗiyar ƙanwarsa, da gidan aurena ke bayan layinsu a nan Funtua, kullum sai na amsa wannan tambaya. Katin bikina ma bai tsira ba. Na kai masa da hannuna, ya yaba ruwan zinaren da ke gefe, ya yage shi, ya haɗa da wajen da aka rubuta rana. Sai washegarin ɗaurin aure ga Kawu cikin babbar riga, an sha hula, ya tarar ana wanke tukwane. Har ya koma ga Allah yana cewa da gangan muka canza rana don kada ya ci naman.

Yaran da suka taso daga baya da Kawu Yaga-Yaga suka san shi, ba su san ya yi shekara da shekaru a sashen rini na masaƙa ba. Can ya koyi launi, can kuma, in ji shi, ya koyi halin mutane, don ya rantse akwai wani zanen atamfa da ya tsara aka sace aka kai wani gari. Da ya yi ritaya, abokansa suka koma noman masara da waken suya ta wajen Dandume da Danja. Shi kuwa ya share ɗakin soro, ya sa masa kwaɗo, ya shiga tara takardu. Takardar buhun siminti, tsohuwar kalanda, kwalin shayi, na ashana, har jaridar da aka naɗo tsire da man a jikinta. Ya dama sitacin rogo ya haɗa da ƙaro, ya yaga wannan, ya yanka wancan, ya manna a kan kwali. Abin da ke fitowa kuma ba mutum ba ne, ba gida ba, ba bishiya ba. Launi ne kawai zaune a gefen launi.

Amma kada ku ɗauka manna-mannar banza yake yi. Na sha zama a bakin ƙofa, don nan ce iyakata, ina kallonsa. Yakan ce gefen da hannu ya yaga yana numfashi, wanda almakashi ya yanka kuwa ba shi da kunya, tsaye yake ƙiƙam, kuma aikinsa shi ne ya zaunar da su wuri ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba. Ɗan guntun ja da bai fi farce ba sai ya yi kwanaki bai manna shi ba, yana tura shi da tsinken tsintsiya, yau dama, gobe hagu. In zai tafi masallaci sai ya kifa faranti a kai, ya tsinko gashin gemunsa guda ya ɗora, don ya gane in an taɓa. Iska ta sha ɗauke gashin nan, matarsa Inna Mairo ta sha ɗaukar laifi.

Babbar kasada kuwa ita ce ka tambaye shi mene ne wannan. Sai ya ce kai me ka gani, ya zuba maka ido. Wani ɗan'uwanmu ya ce kamar nama a faranti. Tun ranar Kawu ya hana a bar shi shi kaɗai da tukunyar gidan. Mijina, don ya kauce wa rigima, ya ce shi bai ga komai ba. Kawu ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, mutumin da zai kalli abu ƙuru-ƙuru ya ce bai gani ba babu abin da ba zai iya ba. Ni kuma na ce kamar hadari na haɗowa ta gabas. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni tun yaushe nake leƙensa ta taga.

Unguwa ma ba ta bar masa zargin shi kaɗai ba, yadda yake yi wa mutane haka suke rama masa. Maƙwabcinsa Alhaji Garba mai sayar da hatsi ya daɗe yana lura: dattijo da furfurarsa yana tsintar takardu a hanya, ya shige ɗaki ya kulle, sai warin wani abu da ake dafawa. Da ƙwari suka shiga masarar da ya ajiye, bai tsaya wata-wata ba ya wuce wajen Liman, ya ce Malam Lawandi asiri yake haɗawa.

Liman ya zo bayan la'asar. Kawu ya buɗe masa ɗakin, amma da sharaɗin ya mayar da hannayensa baya. Bawan Allah ya bi bango yana dubawa, ya ce shi dai bai ga surar wani abu mai rai ba. Sai ya tambayi abin da ya fi damunsa, ko cikin takardun da ake yagawa akwai masu sunan Allah. Kawu ya taka kujera ya sauko da wani gwangwani daga saman bango. Duk takardar da ya tsinta a titi da rubutun Larabci nan yake adana ta, a goge, a miƙe, ko gefenta bai taɓa yaga ba. Liman ya jinjina kai, ya sa masa albarka. Har ya juya zai fita, sai ya ce af, wai da me Malam yake haɗa wannan abin mannawa ne, don shi ma bangon littattafansa duk sun ɓalle.

Kawu ya kalle ni a bakin ƙofa, ya gyaɗa kai.

"Na san za a zo wajen. Allah gafarta Malam, ka aiko da littattafan in manna maka. Amma ka jira a waje."

Bai fi sati da wannan ba, ya fito da wani babban aiki ya jingina a tsakar gida don ya sha iska, ya shiga alwala. Kafin ya fito akuyar Alhaji Garba ta shigo ta cinye kusurwa guda. Sitaci ne fa, me za ta jira. Kawu ya ɗauki aikin ya tsaya a ƙofar Alhaji yana cewa jiya an turo Liman, yau an turo akuya, gobe kuma yana jiran ya ga wa za a turo. Alhaji na rantsuwa, mutane na ba da haƙuri, Kawu na nuna musu wajen ɓarnar. Yana cikin nunawa sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya matso da kusurwar kusa da ido, ya shafa ta da yatsa, ya bar Alhaji da baki buɗe ya koma gida. Da na je da yamma na tarar da shi zaune yana kallon wajen. Ya ce tun da yake yagar takarda hannunsa bai taɓa fitar da gefe irin wannan ba. Ya ƙi gyarawa. Washegari har ya shafa wa wata takarda sitaci ya je ya miƙa wa akuyar ta katanga. Ta sunsuna, ta kau da kai. Ya dawo ransa a ɓace, ya ce Alhaji Garba ya ja mata kunne.

Lokacin zaɓe kuwa shi ne kakarsa. Gari ya cika da fastoci, Kawu ya fita da 'yar wuƙarsa yana ɓamɓarowa. Samarin wata jam'iyya suka kama shi da na ɗan takararsu, suka ce 'yan adawa ne suka saye shi. Ana cikin hayaniya samarin ɗaya ɓangaren suka iso, suka leƙa jakarsa, suka ga nasu ma na ciki. Aka rasa na wa ne shi, aka ɗunguma gidan mai unguwa. Kawu ya nemi a ba shi izini ya je gida ya dawo. Ya dawo da wata leda, ya zazzage a gaban mai unguwa: fuskokin 'yan takara ne tuli, kowacce an yanke ta tsaf da almakashi, har da hula.

"Ranka ya daɗe, ga mutanensu nan, ko kunnen ɗaya ban taɓa ba. Kowa ya ɗauki nasa. Ni shuɗin da ke bayansu nake so."

Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, ya yanke hukuncin Kawu ya jira sai an gama zaɓe. Kawu ya amsa da to, amma a hanya ya ce mini shi tun daga yadda mai unguwa ya zauna ya gane ɓangaren da yake yi wa aiki.

Mutum ɗaya ce ta rikita masa lissafi, Ngozi, ɗiyar mai shagon littattafai na kusa da tasha. A nan Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kakarmu, ta yi karatun zane a Zariya tana kuma koyarwa a can. A shagon babanta Kawu ke karɓar ragowar takardu, yana kuma zarginsa da ɓoye masu kyau a ƙarƙashin kanta. Ita ta roƙe ni in kai ta wajen Kawu. Ta durƙusa ta gaishe shi da Baba, ta amsa tambayar wa ya aiko ta, ya bari ta tsaya inda nake tsayawa. Ta daɗe tana kallo. Kawu na jiran ta tambayi mene ne wannan don ya kama ta, ita kuwa ba ta tambaya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, wancan ɗan jan da ke ƙasa shi ke riƙe da duk sauran. Na ga Kawu ya gyara zama.

Ta ce tana so a kai ayyukan Zariya, a rataye su a babban zaure mutane su gani. Kawu ya ce ya gane, ɓarayin atamfa ne suka sake dabara. Aka yi watanni ana abu ɗaya. Babanta ya zo da kansa ya yi magana, Kawu ya ce ashe da shi aka haɗa baki. Abin da ya karya shi damina ce. Rufin ɗakin ya fara yoyo, gara ta bi ta ƙasa ta cinye ayyuka da dama kafin a farga. Na same shi tsugune yana ɗaga kwalaye, suna zubewa a hannunsa kamar dussa. Ranar bai zargi kowa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Inna Mairo ta ce masa, "Malam, in ba ka yarda da yarinyar nan ba, ai ita gara ba ta jira yardarka ba." Da safe ya aike ni in kira Ngozi.

Sharuɗɗansa sun fi na ɗaurin aure yawa. Ba za a ɗauki hoto ba. Ba za a sa su a bayan mota ba. Shi zai raka su, ni kuma in raka shi in zama shaida. Haka muka shiga bas, ayyukan naɗe cikin zannuwan Inna Mairo a kan cinyarsa, yana hararar duk wanda ya yi tari. Mun wuce Giwa sai ya matso ya raɗa mini tarkon da ya ɗana. Bai gaya wa Ngozi ina ne sama ina ne ƙasa ba, bai kuma sa alama a bayan ko ɗaya ba. In ta rataye su a juye, to ƙarya take yi, ba ta san komai ba, mu tattara kayanmu mu dawo.

Muka miƙa mata, ta ce mu je mu ci abinci. Kawu ya ƙi ci, ya ce bai san wa ya dafa ba. Da muka dawo zauren, ga su nan a jere a farin bango. Ya fara daga na farko, hannu a baya, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe, ya sake dawowa. Babu ko ɗaya da aka juya, har wanda akuya ta ci. Na ce a raina yau dai Kawu zai yaba wa mutum. Sai ya jawo ni bayan ginshiƙi.

"Bilki, a gidana akwai mai kai rahoto."

Ngozi ta jiyo shi, ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba ai kowane aiki da kansa yake nuna inda nauyinsa ya zauna. Kawu ya ce haka aka ce ta faɗa.

Amma akwai abin da na gani ranar wanda ban cika ba da labarinsa ba. Ɗakin soron nan ƙarami ne, taku biyu ka kai bango, don haka bai taɓa ganin aikinsa daga nesa ba. Da mutane suka ɗan ragu sai ya dinga ja da baya, yana ja, har ya kai ƙarshen zauren ya jingina. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe a haka. Can na ji ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Ashe haka suke." Ya yarda aka bar rabinsu a can inda babu yoyo, bayan ya sa Ngozi ta yi alkawari a gaban babanta da ya zo kallo, da ni, da direban bas ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shekarar da ta biyo baya hannunsa ya fara rawa. Da farko ya ce maganin asibiti ne aka musanya masa, daga baya ya ce shayin Inna Mairo ne ya yi ƙarfi. Rawar dai ta ci gaba har ya zama in ya ɗauki guntun takarda sai ta faɗi kafin ta kai kwali. Ya rufe ɗakin, ya koma zama a ƙofar gida yana kallon hanya. Takarda ta wuce ta gabansa iska na kaɗa ta, ko kai ba ya ɗagawa.

Wata safiya na je kai musu koko, sai na ji ya ce, "Mairo, wanke hannunki ki zo." Inna Mairo ta dube ni, na dube ta. Tun da aka sa wa ɗakin nan kwaɗo ƙafarta ba ta taɓa taka cikinsa ba, ko da sunan shara. Ta wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ta shiga tana ɗari-ɗari. Ya zaunar da ita gaban kwali, ya nuna mata wani guntun ruwan ƙasa, ya ce ta shafa sitaci kaɗan, ta ɗora can sama, kusa da baƙin. Ta ɗauka, ta kalli kwalin, ta kalli guntun, ta manna shi ƙasa da inda ya nuna da kusan faɗin yatsa uku.

Ya ce ba nan ya ce ba. Ta ce nan ya ce. Ya ce shi da bakinsa, ta ce ita da kunnenta. Ni ina bakin ƙofa da kwanon koko, ina jiran ɗakin ya tashi. Kawu ya sunkuya ya ƙura wa wajen ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ɗago.

"Bar shi a nan ɗin. Amma kada ki ɗauka ban gan ki ba."

Haka suka ƙarasa daminar nan su biyu a ɗakin. Shi yana yaga da rawar hannunsa, ita tana mannawa, suna musu tun safe har azahar. Yana cewa tana gusar masa da abu da gangan, tana cewa in ya ga dama ya kira wata. Ban taɓa jin Inna Mairo tana dariya irin ta lokacin ba, shi ma har ƙiba ya ɗan yi. Ayyukan da suka yi tare suna nan a ɗakinta, ta ce ko Ngozi ba za ta ba ba.

Bayan an girbe masara jikin ya tsananta. A kwanakin ƙarshe ya zargi likita, ya zargi ruwan da ake ƙara masa, ya zargi matashin da aka sa masa a ƙarƙashin kai. Amma duk tsawon jinyar nan ban taɓa jin ya ce don me wannan ya same ni ba. In ciwo ya taso sai ya runtse ido ya ce alhamdu lillahi, Shi ya san abin da yake yi. Ya cika da hantsi, hannunsa cikin na Inna Mairo.

Ya Allah, ga bawanka Lawandi nan ya zo gare Ka. A duniya bai yarda da kowa ba, amma Kai bai taɓa zargin Ka ba ko sau ɗaya. Ka yi masa gwargwadon kyakkyawan zaton da ya yi maKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka shi. Ka ba Inna Mairo haƙurin zaman ɗakin nan ita kaɗai. Mu kuma da muka rage muna dariyarsa, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.